Kwali na Bakwai

Asabar, 6 ga Maris 2004, hutun azahar

Da Hausa zan rubuta, domin duk benen ofishin nan namu na unguwar Bagdadiyya a Jidda ba mai iya karanta ta. Ustaz, lauyan da nake wa aiki, ya fita cin abinci, ko kuma ya fita ne kawai don kada ya fasa wani abu.

Da safe na tarar da fakis daga London, ya kwana a cikin injin tun jiya Juma'a. Shafi huɗu ne da Turanci. Shekara goma sha biyar ina buga takardu a ofishin lauya, na san fakis ɗin da ake kai wa Ustaz tare da shayi, na san wanda ake ajiye masa a fice da sauri. Wannan na ajiye na fice. Ban kai teburina ba na ji ya ƙwala mini kira.

Ya ce, "Badaru, kwali nawa muka aika London?"

Na ce, "Waɗanda ka duba shida ne, ya Ustaz."

Ya ce, "Su bakwai suka samu."

Da na koma na leƙa ƙarƙashin teburina sau ɗaya. Ban sake leƙawa ba.

Lahadi, 7 ga Maris, bayan la'asar

Bari in rubuta yadda abin yake, ko kaina zai daina juyawa.

Shari'ar shinkafa ce. Mutumin da Ustaz yake karewa ya yi odar shinkafa jirgin ruwa guda, ta iso tashar Jidda rabinta ya yi funfuna. Masu jirgin sun ce da danshinta aka loda ta. Mu mun ce ruwan teku ne ya shiga ta murfin rumbun jirgin. A London ake shari'ar, don haka yarjejeniyarsu ta ce. Ƙwararren da muka ɗauka ya duba jirgin shi ne Baba Muhandis Abdulghaffar, injiniyan jirage, Bahaushen Sudan, shekararsa talatin da wani abu yana shiga cikin jirage da tocila. A tasha in ya ce ruwa ya shiga, ko kyaftin ba ya musu.

Sau huɗu ya rubuta rahotonsa kafin ya sa hannu a na biyar. Haka ake yi. Yana rubutawa da hannu, in buga, Ustaz ya bi da jan biro, Baba Muhandis ya tafi da shi gida ya duba, ya dawo mini da shi in buga sabo. Tsohon daftarin kuma dokar ofis ita ce a saka shi a farrama, injin nan da ke yayyaga takarda ta koma kamar taliya.

Kotu ta aiko da sammaci a kawo duk takardun da Baba Muhandis ya dogara da su. Ya kawo kwali shida daga gidansa, Ustaz ya kwana biyu yana tsefe su ɗaya bayan ɗaya. Ranar Laraba 25 ga watan jiya ni na liƙe su, ni na sa musu lamba, motar kamfanin aike ta kwashe.

A cikin na bakwai lauyoyin masu jirgi sun samu daftari huɗun nan, da jan biron Ustaz a jiki. A na farko Baba Muhandis ya rubuta cewa mai yiwuwa ne shinkafar da ɗan danshinta tun farko. Ustaz ya ja layi a gefe ya rubuta, "Wannan dole ne?" A rahoton ƙarshe babu jimlar. Ni na san sakamakon gwaji ne ya fito ya cire ta, don ni na buga wasiƙar ɗakin gwajin. Amma su cewa za su yi lauya ne ya faɗa wa tsoho abin da zai rubuta, shi kuma ya rubuta.

Litinin, 8 ga Maris, ƙarfe goma sha ɗaya

Tambaya biyu ya yi mini yau, yana tsaye a kaina da carbi a hannu.

"Ranar da aka kwashi kaya, Muhandis ya kawo wani abu da safe bayan na gama dubawa?"

Na ce e, ya kawo. Gaskiya ne kuwa. Hotunan murfin jirgi ne guda goma sha biyu a cikin ambulan, na cusa su a kwali na shida. Bai tambaye ni mene ne ba, ni ma ban faɗa ba.

"Duk daftarin da ya dawo hannunka ka farrama?"

Na ce, "Na'am, ya Ustaz."

Ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "Khalas, magana ta ƙare. Ke nan waɗannan ba su taɓa dawowa ba." Ya dafa kafaɗata kafin ya wuce. A shekara goma sha biyar wannan ne karo na biyu da ya dafa ni.

Talata, 9 ga Maris, bayan asuba

Ban yi ƙarya a tambayar farko ba.

Laraba, 10 ga Maris, bayan magariba

Baba Muhandis ya zo. Ya hawo bene yana haki kamar kullum, rawaninsa na Sudan ya karkace, ya ajiye mini ledar gyaɗa a tebur ya ce da irin kiransu na Sudan, "Ya zol, ka rame. Zubaidatu ta daina dafa maka ne?" Na yi dariyar da ni kaina ban gane ta ba.

Ƙofar Ustaz ba ta hana sauti fita. Na ji Ustaz yana cewa nawa suka ba ka. Na ji yana cewa shekara ashirin ina shigar da kai gidana. Muryar Baba Muhandis ban ji ta ba sam. Can aka kira ni in kawo kwafin da London ta aiko na abin da aka samu. Na kai na ajiye. Baba Muhandis ya sa tabarau, ya ɗauki shafin farko. A saman kowane shafi akwai wani siririn layi baƙi da ya ratsa daga gefe zuwa gefe, inuwar lanƙwasa ce da injin hoton takardu ya kama. Ya ɗora yatsa a kan layin ya bi shi har ƙarshe. Ya ɗauki shafi na biyu ya sake yin haka. Sannan ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Na ce a raina shi ke nan.

Sai ya juya ga Ustaz ya ce, "Ban sayar da kai ba. Iyakar abin da zan ce ke nan."

Da zai fita ya tsaya a teburina ya ce, "Yaya Zakiya da makaranta?" Na ce 'yar tawa lafiya lau take. Ya ce in gaishe ta.

Gyaɗar tana cikin durowa, ban iya buɗe ta ba.

Juma'a, 12 ga Maris, bayan an sauko daga masallaci

Malam Bawa, ladanin masallacinmu na unguwar Mahjar, ya tare ni a wajen takalma. Ya ce, "Malam Badaru, tun kafin aikin Hajji ba ka kawo mana takardu ba. Ko ofishin naku ya daina ambaton Allah ne?" Mutane suka yi dariya. Na ce ina nan tafe da su.

To, bari in rubuta shi, tunda ba mai gani.

Ban taɓa saka takarda mai Bismillah a farrama ba. Ko sau ɗaya. Abin da ya fito daga injin nan mai shara ke kwashewa, ya haɗa da ɓawon lemo da guntun taba ya kai bola. Tun ina yaro a Fagge mahaifiyata ko guntun jarida ta gani a ƙasa da rubutun Larabci sai ta ɗauka, ta lanƙwasa samansa ta rufe sunan, ta soka a jikin katanga. Hannuna ya saba tun kafin in san dalili. Baba Muhandis kuwa ba ya fara shafi sai da Bismillah, ko lissafin awon ruwa zai yi, kuma yadda ya rubuta haka nake bugawa. Saboda haka duk daftarin da aka ce in farrama, sai in lanƙwasa samansa in jefa a wani kwali da ke ƙarƙashin teburina. In ya cika in ɗauko shi a motar haya in kawo wa Malam Bawa, ya ƙona a wuri mai tsabta ya binne tokar. Malam Bawa ba ya karanta komai, idonsa ma ya yi rauni. Shekara goma sha biyar ba a taɓa samun matsala ba, kuma shekara goma sha biyar Ustaz yana tambayata "ka farrama?" ina cewa na'am.

Kwalin irin na takardar hoto ne, iri ɗaya da shidan. Ran nan na jawo shi waje don in samu wurin miƙe ƙafa ina liƙi. Aka kira la'asar, direba yana ta danna hon a ƙasa yana cewa yalla yalla, a yi sauri. Na bi su da salatif, na rubuta ɗaya, biyu, uku, har inda suka ƙare. Ban ƙirga ba, ban buɗe ba. Da hannuna na rubuta bakwai, har da ja masa layi a ƙasa yadda nake yi.

Asabar, 13 ga Maris

Ustaz ya ce daga yau ko waya Muhandis ya bugo in ce ba ya nan.

Litinin, 15 ga Maris, bayan la'asar

Lauyarmu ta London, wata Baturiya mai magana kamar tana ƙirga tsaba, ta bugo waya. Ustaz ya buɗe sautin ya ce in zauna in rubuta abin da za ta ce.

Ta ce daftarin da ƙwararre ya yi wa lauya saboda shari'a sirri ne, doka ta kare shi. Sammaci ma bai isa ya fito da shi ba. Amma yanzu ya riga ya shiga hannunsu, kuma suna cewa mu muka ba su da kanmu, don haka kariyar ta faɗi. Hanya ɗaya ce ta rage: a nuna wa alƙali cewa kuskure ne tsantsa. In ya gamsu, zai ce a dawo da takardun, ya hana a yi wa Muhandis ko tambaya ɗaya a kansu. In bai gamsu ba, za su tsayar da shi a gaban kotu su karanta masa jan biron layi-layi, kuma bayan wannan ba kotun da za ta ƙara sauraronsa.

Ta ce ba a gaya wa alƙali "kuskure ne" a tsaya nan. Sai wanda ya yi kuskuren ya rantse a rubuce, ya faɗi yadda aka yi, da rana da lokaci. An ba mu zuwa Litinin 29 ga wata.

Ustaz ya ce, "Wanda ya yi ba zai rantse ba, don da gangan ya yi."

Ni ne na rubuta wannan jimlar ma a takarda, da kyakkyawan rubutu.

Laraba, 17 ga Maris, bayan asuba

Ustaz ne kafilina, shi ya tsaya mini nake zaune a ƙasar nan. Sunansa ne a jikin iƙamata, takardar izinin zama, da ta Zubaidatu da ta Zakiya. Kwali ɗaya kam zai iya yafewa, wataƙila. Amma in na faɗi na kwalin dole in faɗi na shekara goma sha biyar, cewa asirin mutanen da suka amince masa yana yawo a motar haya daga Bagdadiyya zuwa Mahjar. Na san shi. Ba zai yi ihu ba, takardar huruj zai sa a buga, ta fita ba dawowa. Wataƙila ma ni zai ba in buga.

Zakiya shekararta goma sha huɗu. A nan aka haife ta. Tana jin Hausa, amma in ta buɗe baki Larabci ke fitowa. Kano a wurinta wani wuri ne da ake aiko da kuka da daddawa daga can.

Alhamis, 18 ga Maris, da hantsi

Zubaidatu ta ce, "Abu Zakiya, waken ful ɗin nan tun ɗazu kake juya shi da burodin tamis, ko loma ba ka kai ba. Ciwo ne ko faɗa kuka yi da Balaraben?"

Na ce aiki ne ya yi yawa.

Ta ce Hajiya Mastura, matar Baba Muhandis, ta bugo mata jiya tana kuka. Kamfani biyu sun janye aikin da suka ba shi. A walimar da aka yi a unguwarsu Bani Malik ya shiga ya zauna, mutanen da ke gefensa suka tashi ɗaya bayan ɗaya wai za su wanke hannu. Zubaidatu ta ce, "Wallahi ko duk Jidda ta taru ta ce Baba ya ci amana ni ba zan yarda ba. Kai da kake ofishin, ba ka san wanda ya yi masa wannan sharrin ba?"

Zakiya ta ɗago daga littafinta ta ce, "Esh bak, ya Baba?" Wai me ke damuna. Na ce ta ci gaba da karatunta, kuma da tsawa na faɗa. Yarinyar ba ta yi mini komai ba.

Juma'a, 19 ga Maris, bayan magariba

Na je gidan Baba Muhandis a Bani Malik da niyyar in faɗa masa. Tun a mota nake haddace maganar.

Na same shi a falo da jallabiya, yana gyaran wata tsohuwar rediyo da ba ta lalace ba. Ya ce Hajiya ta kawo shayi. Na ce, "Baba, akwai maganar da na zo da ita."

Ya ce, "Sha shayinka tukuna."

Na kurɓa. Na ce, "Baba, game da kwalin nan ne."

Ya ce, "Ka tuna ranar da na fara ganinka? Kana ɗaukar buhu a tasha, umara ta ƙare ka ƙi komawa, kana ganin motar jawazat, 'yan shige da fice, sai ka shige bayan kwantena. Iska ta kwaso wata takardar kaya ta yar a cikin ruwan datti. Ka sauke buhun, ka tsamo ta, ka goge da rigarka, ka lanƙwasa samanta ka sa a aljihu. Na ce wannan yaron ba na buhu ba ne. Na tambaye ka me ka iya, ka ce keken rubutu." Ya yi dariya. "Sau uku na je wurin Ustaz kafin ya yarda ya yi maka iƙama."

Na ce, "Baba, shi ya sa nake so in..."

Ya ɗaga hannu. "Ni shekarata sittin da bakwai. 'Ya'yana sun girma, ina da gida a Wad Madani, gwiwoyina sun gaji da tsanin jirgi. Zakiya aji nawa take?"

Na ce aji biyu na mutawassiɗa, ƙaramar sakandare.

Ya ce, "To. Sha shayinka, ya zol, zai huce."

Na shanye. Na yi masa sallama na fito, kuma abin da ya fi ba ni kunya shi ne a kan matakala na ji sanyi a raina.

Lahadi, 21 ga Maris

Saura kwana takwas.

Talata, 23 ga Maris, hutun azahar

Ustaz ya ba ni daftarin wata wasiƙa ya ce in farrama. Na tsaya a gaban injin da takardar a hannu har ya leƙo ya ce ko ya lalace ne. Na ce a'a. Na jira ya koma, na lanƙwasa ta na sa a aljihu.

Kai, Badaru. Kana tsoron sunan Allah ya shiga bola, amma ka bar sunan bawansa a ciki mako biyu. Wane irin tsoron Allah ne wannan?

Alhamis, 25 ga Maris

Shi ne ya ce in sha shayi. Ban roƙe shi ba. Shi ya zaɓa.

Na rubuta wannan sau uku a zuciyata kafin in rubuta a nan, kuma a nan ma bai zauna ba.

Asabar, 27 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Baba Muhandis ya zo da safe ba tare da ya buga waya ba. Ya wuce ni kai tsaye ya shiga wurin Ustaz. Minti goma suka fito tare. Fuskar Ustaz ta ɗan saki. Ya miƙo mini takarda ɗaya rubutun hannu ya ce, "Buga wannan, kwafi uku. Gobe da safe za mu je ya rantse a gaban jami'i, mu aika kafin Litinin. Muhandis ya tuna yadda aka yi."

Na ɗora ta a gefen kwamfuta. Bismillah a sama, da rubutunsa mai kwanciya. A ƙasa: ni Abdulghaffar, ina rantsuwa da Allah cewa ni na riƙe daftari huɗun a gidana, na manta ban mayar ba, kuma ni na zuba su a kwali na kawo ofis ranar Laraba da safe, saboda tsufa da rashin kula.

Mutumin da a tasha ake cewa ba a taɓa jin ya ce wallahi ba, ko a ciniki. Zai ɗaga hannu gobe ya rantse da Allah a kan ƙarya, ya kira kansa tsoho marar kula a takardar da za ta zauna a kotu har abada. Kuma ni zan buga masa ita, in gyara masa waƙafi.

Yana zaune a kujerar baƙi yana kallon silin. Na buga Bismillah. Na buga "ni". Yatsuna suka tsaya a nan. Na ce, "Baba." Bai dube ni ba ya ce, "Buga, ya waladi, buga ɗana. Ina da wurin zuwa."

Na ce injin bugawa ba tawada, sai gobe da sassafe. Wannan ita ce ƙarya ta ƙarshe da na yi a ofishin nan, in Allah ya yarda.

Asabar ɗin dai, bayan magariba

Na gaya wa Zubaidatu duka. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Ranar da na tambaye ka a kan ful, ka sani?" Na ce na sani. Ta tashi ta shiga kicin, na ji tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Da ta fito ta ce, "In ka bar tsohon nan ya rantse, ni ba zan iya ci gaba da cin abincin garin nan ba. In kuma ka faɗa, kai za ka gaya wa Zakiya da bakinka, ba ni ba."

Lahadi, 28 ga Maris, bayan azahar

Na riga kowa zuwa. Bayan "ni" na buga Badaru Ubale. Sauran bai ba ni wuya ba, don mako uku ke nan ina buga shi a kaina. Na sa ranar, na sa kiran la'asar, na sa hon ɗin direba, na sa sunan Malam Bawa da shekara goma sha biyar. Na sa cewa layin da ke saman kowane shafi lanƙwasar hannuna ce, in alƙali yana so ya duba.

Ustaz ya karanta a tsaye. Ya kai ƙarshe ya koma farko. Ya ce, "Masallaci? Takarduna a masallaci?" Na ce e. Ya ce, "Da ka gaya mini tun shekarar farko, da na sayi tanda na ajiye maka a saman bene, ya ɗan adam." Ban taɓa tunanin haka ba, ko sau ɗaya. Ya zauna ya rufe fuska da hannu. Da ya buɗe, Baba Muhandis ya shigo, Ustaz ya miƙe ya sumbaci kan tsohon a gabana, ya roƙe shi ya yafe masa.

Baba Muhandis bai kula shi ba. Ni ya juyo wa, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Wa ya sa ka? Na tambaye ka? Ni na gama shirina, kai kuma ka zo ka rushe wa yarinya gida." Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai yau.

Na rantse ƙarfe goma sha ɗaya da kwata. A mota muna dawowa Ustaz ya ce in ba shi makullin ofis. Ya ce ba zai sake ni ga wani kafili ba, don ba zai iya cewa wani ya amince da ni ba. Wata biyu ya ba ni in bar ƙasar.

Litinin, 29 ga Maris

Na gaya wa Zakiya. Ta tambaye ni ko za ta gama zangon nan. Na ce ban sani ba. Ba ta yi kuka a gabana ba.

Juma'a, 9 ga Afrilu, bayan la'asar

Baba Muhandis ya zo Mahjar, ya hau benenmu hawa uku da gwiwoyin nan nasa. Ya tarar da mu cikin kwalaye, Zubaidatu tana ware abin da za a tafi da shi da wanda za a bayar.

Ya ce alƙali ya yanke jiya. Ya karɓi rantsuwar, ya ce kuskuren a fili yake, duk lauyan da ya buɗe kwali ya ga jan biron abokin hamayyarsa ya san ba nasa ba ne. A dawo da daftarin, a lalata kwafin, kada a ambace su a zaman shari'a. Kamfani ɗaya daga cikin biyun har ya bugo masa waya. Ya faɗi duk wannan kamar mai karanta awon ruwa, ko murmushi babu. Ya ce sau biyu ya je wurin Ustaz a kaina, zai koma na uku. Na ce ya bari. Ya ce ba ni zan gaya masa inda zai je ba.

Zakiya ta kawo masa ruwa ta gaishe shi. Ni kwana goma sha ɗaya ke nan ba ta yi mini magana ba sai abin da ya zama dole. Da ta juya ya bi ta da kallo, sannan ya dube ni, ni kuma na dubi tabarma. Na wanke mutum ɗaya, kuma ga wadda ta biya. Ba na jin na yi abin kirki. Ina jin kamar wanda ya makara ne kawai.

Da zai tashi ya ce, "Takardata fa? Wadda na rubuta da hannu. Ba na so ta kwana a duniya."

Na ɗauko ta daga cikin wannan littafin na miƙa masa. Ya karɓa ya tsaya yana kallon samanta, inda na lanƙwasa.

Ya ce, "Har ita ma, ya zol?"

Na ce, "Akwai Bismillah, Baba."

Bai buɗe ta ba. Ya sa ta a aljihun ƙirji, ya riƙe hannuna, muka sauka tare a hankali zuwa wurin Malam Bawa.